Guntun Mayafin Batulu

Maruta, goma ga Jimada Awwal

Daga hannun Maikuɗi ɗan Abdulnasir zuwa ga jikata Ummussalma, matar Malam Ikrima, a Birnin Kudu.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan sai godiya, in ban da tari da ke kama ni da sassafe, da gwiwar hagu da ta daina jin magana.

Wataƙila ki ce wane ne wannan. To, kakanki Ismail ɗan ƙanen ubana ne. Akushi ɗaya muka ci, rana ɗaya aka yi mana kaciya a gindin tsamiyar bayan masallaci. Shi ya tafi ya zama ɗan birni, ni na tsaya. Ranar sunanki ni na riƙe ƙafar rago. Saboda haka ba roƙo nake ba, aike nake.

Kin ji rasuwar matata Batulu, tunda uwarki ta zo gaisuwa ran uku. Ke ba ki zo ba. Ban riƙe ki ba, na dai lura. Shekara arba'in da tara muna tare da ita, ba ɗa a raye, sai ni sai ita sai injin niƙa.

Da mata suka zo tattara kayanta, suka tarar da wani gwangwanin madara a ƙarƙashin gado. A ciki akwai kwarashinta, da dunƙulen ulu ruwan makuba, da saƙar da take min tun damina. Mayafin wuya ne, saboda tarin nan, don har yau ni ke tayar da injin, ni ke ɗora bel, ba na bari kowa ya matso. Ajali ya riske ta mayafin bai kai ko'ina ba. Na auna, kamu ɗaya da taƙi.

An ce ke ce gwanar kwarashi a garinku, masu jego har layi suke a ƙofarki. Ki ƙarasa min shi. Dogo nake so, irin wanda ake naɗawa sau biyu a jefa jelar a kafaɗa. Batulu, Allah ya ji ƙanta, ta yi min rowar tsayi: hannun rigata sai ta sa tela ya datse, rawanina ta ɓoye, har tsofaffin majalisa ke ce min Guntun Hannu. Wannan karon dai zan samu.

Akwai rami kusa da baki ɗaya, inda idonta ya gaza. Ki toshe.

Kada ki ce za ki kira ni a waya. Kunnena ya yi nauyi, kuma maganar waya iska ce, ba ta da shaida. Ki rubuto da ajami, shi kaɗai nake tsinta. Yahuza mai albasa yana zuwa garinku kowace kasuwa, shi zai kawo.

Haza wassalam.

*

Birnin Kudu, 20 ga Nuwamba

Zuwa ga angona na Maruta, Kaka Maikuɗi.

Bayan gaisuwa da girmamawa. Muna lafiya, Malam yana gaishe ka, yara ma. Tsohon ango, sai da sanyi ya taɓa maka wuya ka tuna kana da amarya a Birnin Kudu? Ai na sani sarai ko kai wane ne, Innata ba ta gajiya da labarinka.

Ka yafe min rashin zuwa. Ina wankan jego aka yi rasuwar, kwanana tara da haihuwa. Allah ya ji ƙan Inna Batulu, ya sa ta huta, ya ba ka haƙuri.

Gwangwani ya iso lafiya. Na shimfiɗa saƙar a kan tabarma na daɗe ina dubawa, kuma Kaka, ga abin da na gani. Layuka biyar na ƙarshe tana rage ido ɗaɗɗaya a kowane gefe. Mai saƙa ba ta yin haka sai in za ta rufe baki. A ganina ba rabi ta bari ba, ta kusa gamawa ne, saura layi biyu da ƙulli. Ramin nan ma bai yi min kama da kuskure ba, gefensa ya cika tsafta, amma ban san na mene ne ba.

Sannan ulun da ya rage kaɗan ne, bai kai ƙwan agwagwa ba. Na zaga kasuwa da guntun zaren, ba irinsa, tsohon yayi ne. In kana son dogo, sai dai in haɗa da wani mai kama da shi.

Shawarata, ka bar ni in rufe shi yadda ta ɗauko. Aikin rabin yini ne, kasuwa mai zuwa yana wuyanka. Tari kuma ka je a duba ka, kada ka ce sai saiwa.

Jikarka, Ummussalma.

*

Maruta, ashirin da uku ga Jimada Awwal

Zuwa ga Ummussalma.

Gaisuwa, da barka da arziki, Allah ya raya abin da aka samu. Tari yana nan, gwiwa tana nan, ni ma ina nan.

Na karanta takardarki sau uku, har na kai wa liman ya duba ko ni ne ban tsinta daidai ba. Ashe daidai na tsinta. Yarinyar da aka haifa shekarar da kogi ya cinye gadar hanyar Kwandiko ita za ta gaya min abin da Batulu ke nufi?

Ki saurara. A garin nan in an rasa wa ya haifi wa, ni ake tambaya. In iyakar gona ta ɓace, ni ake ɗorawa a mashin a kai ni in nuna. Na san sunan kowace rijiya da wanda ya haƙa ta. Matar da na zauna da ita shekara arba'in da tara kuwa ita ce zan kasa sani? Idon da kika ce tana ragewa, ciwo ne ya rage mata shi. Watanni biyun ƙarshe allura ma ba ta iya zurawa. Wa ya taɓa ganin mayafin wuya kamu ɗaya da taƙi? Na ɗan akuya ne?

Ga maganata, kuma ba na son a maimaita min.

Ki kai shi kamu uku. Kada ki sa masa baƙon zare ko da tsawon yatsa, ulun da hannunta ya taɓa shi kaɗai nake so a wuyana. Ki toshe ramin. Yadda za ki yi ke ta shafa, ke ce gwana, in dai gwanintar ba ta baki ba ce. Kakanki Ismail ma haka yake, a aike shi ɗebo ruwa ya dawo da shawara.

Asibiti kuma na gode. Can aka kai ta.

Haza wassalam.

*

Birnin Kudu, 2 ga Disamba

Kaka,

Ina gaisuwa. Muna lafiya, jaririya ce kawai ke ɗan mura.

Na ji faɗanka na haɗiye. Amma ka ba ni umarni biyu da ba sa zama a tukunya ɗaya: dogo, kuma ba baƙon zare. Hanya ɗaya ce tak. Inna Batulu ta matse saƙarta ƙwarai, ta ci ulu da yawa. In na warware ta gaba ɗaya, tun daga layin farko, na sake da babban kwarashi da sakakken ido, zai kai kamu uku. Amma ka gane, Kaka: ulun zai zama nata, saƙar ba za ta zama tata ba. In an warware, ba a mayarwa.

Raina bai so ba. Zan jira kasuwa biyu. In ka ce a'a, na fasa. In ka ce in yi, ko ka yi shiru, zan ɗauka ka yarda.

Ummussalma.

*

Maruta, sha huɗu ga Jimada Sani

Zuwa ga Ummussalma, ta hannun Bara'atu maƙwabciyata da za ta garinku ganin 'yarta.

Gaisuwa. Lafiya ba laifi, sai dai sanyi ya sauko da ƙarfinsa, ruwan randa kamar ya ciji hannu. Da tsohon buhu nake rufe ƙirji in zan fita wurin injin.

Kwana ashirin ke nan da na ba ki umarni. Na gaji da zancen nan. Kin san abin da ya kamata ki yi, ki yi shi, kada ki ƙara tambayata komai. Ko sai bazara za ki kawo min in yi fifita da shi?

Wassalam.

*

Birnin Kudu, 3 ga Janairu

Kaka,

Ina gaisuwa, da fatan tari ya yi sauƙi. Takardarka ta hannun Inna Bara'atu ta same ni ranar da kasuwa ta biyu ta cika. Tunda ka ce in yi kada in ƙara tambaya, na yi.

Ga shi nan Yahuza zai miƙa maka, tunda na ji ya dawo. Kamu uku da ɗan yatsa biyu, ba baƙon zare, ba rami. Kwana goma sha ɗaya na yi a kansa, na ajiye aikin mutane. Ka naɗa sau biyu ka jefa jela, 'yan majalisa su mutu da haushi. In ka zama saurayi kada ka manta wadda ta gyara ka.

Kwarashin da gwangwanin suna wurina, sai wani zuwan zan aiko.

Jikarka, Ummussalma.

*

Maruta, shida ga Rajab

Ummussalma.

Sallama ce kawai, don ita wajibi ce. Lafiyata kada ki tambaya.

Jiya Yahuza ya miƙo min ƙunshi, sannan ya tsaya yana sosa ƙeya, ya zaro wata takarda a aljihu duk ta yi laushi tana warin albasa. Wai, "Baba, ka yi haƙuri, ranar da ta ba ni ita aka ce tsohuwata ba lafiya a Wurno, na wuce can wata guda, na manta tana cikin rigar." Takardarki ce ta tambaya. Tare suka iso da mayafin, kamar mai neman izinin yanka ya zo da naman a faranti.

Na buɗe ƙunshin tun kafin in karanta. Na juya shi, na sake juyawa, na kai shi rana. Na ce wa Yahuza, "Wannan na wane ne?" Ya ce, "Naka ne, Baba." Na ce, "Ƙarya kake."

Kin san abin da kika warware?

Taƙin farko a rumfa ta yi shi, ana ruwa, tana min tsiya wai wuyana kamar na zakaran da aka fige. Akwai ɗigon kunun tsamiya a nan, ni na zubar, ta zage ni. Gaba kaɗan akwai ƙulli, inda ɗan akuya ya tauna zaren ta bi shi da muciya. Daga tsakiya saƙar ta tsuke ta yi tauri kamar tabarma, wannan makon da ciwon ƙirji ya fara ne, tana cije baki tana saƙa don kada in gane. Na gane. Kuma kusa da ƙarshe akwai silin furfurarta guda ɗaya da ya shiga cikin zaren ya saƙu. Kullum da na idar da sallar asuba sai na laluba shi da yatsa, kafin in aiko miki. Jiya na laluba kamu ukun nan kaf, taƙi taƙi. Babu.

Na ce ki ƙarasa. Ban ce ki rushe ba. In na ce wa magini ya ƙara min ɗaki, sai ya rushe wanda uwata ta kwana a ciki don ya samu ƙasa? Takardar da na aiko ta hannun Bara'atu ba amsarki ba ce, ban ma san kin yi tambaya ba. Ke da ganin babu kalma ɗaya a kan warwara a cikinta, ba sai ki tsaya ba? Amma ku 'yan birni karkatacce ba ya zama a gabanku sai kun miƙe shi.

Saƙarki ta yi kyau, ba inda ta karkace. Kamar ta kanti. Ba kowa a cikinta.

An binne Batulu sau ɗaya ina tsaye. Na biyun a tsakar gidanki aka yi, ba a ko gaya min ba.

Ki aiko min da kwarashinta da gwangwaninta. Daga nan kuma kin huta da ni, gidan Ismail ya huta da gidan Abdulnasir.

*

Birnin Kudu, 12 ga Janairu

Kaka,

Ina gaisuwa ko ba ka amsa ba. Tun da takardarka ta zo ban iya ɗaukar kwarashi ba.

Ba zan ce ba ni da laifi ba. Da na karanta taka ta hannun Inna Bara'atu, zuciyata ta ɗan tsaya, na ce anya. Sai na tuna yadda ka wanke ni a ta baya, na ji tsoron in sake tambaya ka ce gwanintata ta baki ce. Tsoron faɗanka ya fi min nauyi a kan abin da idona ya gani. Wannan nawa ne, na ɗauka. Furfurar ma na gan ta. Na zare ta na yar, na zaci datti ne. Allah ya sani da na san abin da take a wurinka, da na yanke yatsana kafin in taɓa ta.

Amma Kaka, tun takardar farko na gaya maka ta kusa gamawa. Na gaya maka ramin ba kuskure ba ne. Ka ce ni yarinya ce. Ba rashin kunya nake ba, amma kada a ɗora min kayan duka ni kaɗai.

Akwai kuma abin da na ɓoye maka, don na ga aikin gama ya gama. Ka san ana naɗe ulu a kan wani abu, ko tsinke ko guntun takarda. Da na zo ƙarshen dunƙulen, a layi na ƙarshe, sai wani abu ya faɗo a cinyata. Maɓalli ne babba, baƙi, irin na tsohuwar kwat, gefensa ɗaya a ɓantare. Ta naɗe ulun a kansa ne don kada ya ɓace kafin ta zo ɗinka shi.

Sai a lokacin na gane ramin nan. Gidan maɓalli ne. Mayafin ba na naɗawa ba ne, na zagaye wuya sau ɗaya ne a ɓalle, ya zauna cif, ba jela, ba abin da ke reto. Gajere ta nufe shi tun daga layin farko. Dalilinta ban sani ba, kai ka san ta.

Ga maɓallin nan a cikin gwangwani, da kwarashin. In ka yarda ka dawo min da mayafin, zan sake shi gajere yadda ta so, na riƙe ƙirgen idon a kaina. Na san ba zai zama nata ba.

Ka yafe min don Allah.

Ummussalma.

*

Maruta, ashirin da biyar ga Rajab

Zuwa ga jikata Ummussalma.

Gaisuwa. Ki gai da Malam Ikrima da yara, da mai mura. Tari ya ƙaru. Injin yana rufe kwana goma sha biyu, mata na kai niƙa unguwar gabas suna zagina a hanya.

Gwangwani ya iso. Na san maɓallin tun kafin ya gama gangarowa tafin hannuna. Ni na ɓantare shi da ƙofar shago.

Na kwat ɗin Hambali ne. Ba ki san shi ba, kina goye aka yi abin. Ɗanmu ne, shi kaɗai Allah ya ba mu, yana da shekara sha tara. Wata safiya ta sanyi irin wannan ya sa kwat ɗin nan da na ba shi, ya naɗa gyalen uwarsa a wuya, jelar tana reto a ƙirjinsa. Ya sunkuya zai gyara bel injin yana tafiya. Ni ina waje ina auna dawa. Ban ji ihu ba. Kukan injin na ji ya sauya.

Shekara ashirin da shida ke nan. Ni da Batulu ba mu taɓa zama mun ambaci safiyar nan ba, ko sau ɗaya. Ni na ɗauka ta binne ta yadda na binne. A shekarar ta fara sa tela ya datse min hannun riga. A shekarar rawanina ya ɓace. Na yi ta mata faɗa, ina cewa rowar yadi ce, ita kuwa sai ta ce, "To, Malam, rowa ce," ta ci gaba da tankaɗe. Shekara ashirin da shida tana tsare wuyana ba ta gaya min ba, ni kuma ina kai ƙararta majalisa ana dariya.

Ni ne mai sanin wa ya haifi wa. Ni ake ɗauka a mashin.

Ran da takardarki ta zo da maɓallin, washegari na naɗa mayafinki sau biyu na jefa jelar a kafaɗa, yadda na yi ta buri. Na shiga shago na tayar da injin. Na sunkuya zan ɗora bel, jelar ta zamo ta sauko gabana tana lilo, tsakaninta da bel bai kai taƙi ba. Na tsaya ina kallonta. Sannan na kashe injin na rufe shagon.

Kin ce in dawo da shi ki sake. A'a. An warware shi sau ɗaya, ya isa. In kin sake, naki ne a kan naki, ni kuma zan riƙa laluben abin da babu. Yana rataye a ƙusa a bayan ƙofa. Ba zan sa shi ba, ba zan bayar ba.

Maganar da na yi a kan gidan Ismail na janye ta, ba da hankalina na rubuta ba. Batun yafiya kuwa, ban ce na yafe miki ba, don har yanzu ina neman laifin naki in ga girmansa, nawa ya tsaya a gaba ya tare. Furfurar dai tana min ciwo. Wannan ba zan ɓoye miki ba.

Kwarashin na mayar miki ta hannun Yahuza. Ki duba inda ya lotsa ya yi sheƙi, babban yatsanta ne ya cinye wurin. Ki yi aiki da shi, ni ba na iya kallonsa. Kuma nan gaba in wani tsoho ya kawo miki saƙar matarsa ya ce ki toshe rami, ki ƙi, ko zai zage ki har kakanki.

Gobe zan buɗe injin, da wuyana a buɗe, mata sun gaji. Maɓallin yana aljihun gaban rigata. Ta tanadi gidansa daidai shi, ido uku, ba ƙari ba ragi. Ni na ce a toshe.

Haza wassalam.
Maikuɗi ɗan Abdulnasir.